Kwamfuta Takwas, Suna Ɗaya

Na daɗe ina karanta tarihin dauloli, kuma abin da na tsinta a ciki bai wuce wannan ba: ba yaƙi ke rusa ƙasa ba, ba fari ba, ba ma mugun shugaba ba. Ƙasa tana fara rushewa ne ranar da aka aiki saƙo, ya fita ƙofa, ya rasa gidan da za shi. Wanda duk yake ganin na zuzuta, bai taɓa tsayawa a ɗakin kwamfuta na wata makarantar sakandare a Birnin Kudu ba, ranar wata Juma'a ta tsakiyar damina, makin ɗalibai kusan ɗari biyu yana cikin injin da ya ƙi yi wa maƙwabcinsa magana.

Ni malamin tarihi ne. Abin da ya haɗa ni da kwamfuta ƙaddara ce, sai kuma tabarau. Lokacin da aka kawo wa makarantarmu gudummawar injina takwas, shugaban makarantar, wani dattijo mai son zaman lafiya, ya leƙa ɗakin malamai ya ga ni kaɗai na taɓa buga tafireta, kuma ina sa tabarau. A wajensa shaidu biyu sun isa yanke hukunci. Ya miƙo mini makulli.

Injinan tsofaffi ne tun a wancan lokacin. Sun gama aiki a wani ofis na wata ƙasa, sun yi ritaya, jikinsu ya koma kalar haƙorin mai cin goro, sannan aka turo mana su mu ci gaba da jinya. A bayan kowanne akwai kati mai ɗan bakin ƙarfe zagayayye, wanda ake kira katin sadarwa, kuma baƙar waya guda ɗaya ce ta bi ta bayansu duka, daga wannan zuwa wancan, kamar tumakin da aka ɗaure a igiya ɗaya za a kai kasuwar Sara. Ta wannan wayar, aka ce mana, za su riƙa aika wa juna saƙo.

Mutumin da aka turo ya haɗa su ya iso da la'asar, hadari na haɗuwa, hankalinsa rabi na kan aiki rabi na tasha. Ya saita na farko, wanda ke can kusurwa, ya jona masa firinta, ya rubuta duk abin da ya shigar a takarda guda, ya miƙo mini.

Ya ce, "Malam, sauran bakwai ɗin haka za ka yi musu."

Ya tafi, ban sake ganinsa ba. Ban riƙe shi a zuciya ba. Laifinsa ɗaya ne, bai san wa ya faɗa wa wannan maganar ba. Mutum ne ni da ya yi shekara ashirin yana rubutu a allo yana cewa a kwafa, yana rage maki ga duk wanda ya kauce ko da wasali ɗaya. In ka ce mini "haka za ka yi", to haka ɗin zan yi, har ɗigo.

Sati guda na ɗauka. A wani wuri kowane inji yana nuna wata doguwar lamba, haruffa da alƙaluma goma sha biyu a cakuɗe, kuma da na duba, babu ɗaya da ta yi daidai da wadda ke takardar. Inji bakwai, kuskure bakwai. Ban yi mamaki ba, na saba da aji. Na lalubo gurbin da ake iya rubuta wata lambar a kan ta da, na gyara musu ɗaya bayan ɗaya, har da wata gajerar lamba da ke ƙasanta. Duk wanda na gama sai in yi masa maki da jan biro a gefen takardar. Da na kammala, na yanki kwali na rubuta KADA A TAƁA da rubutuna na ranar biki, na manna a jikin firinta. A ranar ji nake da ana ba da sarauta a kan wannan fanni, da an naɗa ni.

Shekara biyu babu wanda ya nemi wayar nan da komai. Yara suna zuwa su koyi inda haruffa suke, su rubuta sunayensu, su yi murna, su tafi. Sai girman kai ya kama ni. Na miƙe a taron malamai na ce zamanin takarda ya wuce, kowa ya kawo makin ajin ƙarshe, na shekara ukunsu, in zuba a inji. Malamin lissafi, wanda yake ajiye makinsa a wani littafi mai bangon fata tun kafin a haifi ɗaliban, ya ce shi dai bai taɓa ganin an ɗauke wuta a littafi ba. Na yi masa dariya a gaban jama'a. Shi ma daga baya ya kawo nasa, don shugaba ya sa baki. Na zuba komai a inji na biyar, na bakin taga, don shi ne maɓallansa ba sa maƙalewa. Takardun kuwa na ce wa masinjan makaranta ya san yadda zai yi da su, ya kuwa sani: ya kai wa mai ƙosai ta bakin ƙofa. Rabin unguwar ya karya kumallo a cikin sakamakon yaranmu.

Ana nan sai takarda ta zo daga ofishin shiyya. A kawo makin ajin ƙarshe, bugagge, kafin azahar ɗin Litinin. Makarantar da ba ta kawo ba, ɗalibanta ba sa cikin masu zana jarrabawar fita a shekarar. Yaran nan na san su ɗaya ɗaya. Akwai na Kiyako, akwai na Fagam, akwai waɗanda iyayensu suka yi damina uku suna noma ba tare da hannunsu ba, don dai su kai wannan jarrabawar. Shekara guda a wajen irin waɗannan ba jinkiri ba ce, sau da yawa ita ce ƙarshen karatun.

Ranar Juma'a da safe na zauna a inji na biyar, na umarce shi ya aika makin ta waya zuwa na kusurwa, inda firinta take. Ya yi shiru kamar mai tunani, sannan ya ce bai sami kowa ba. Na sake. Bai sami kowa ba. Na ɗauko faifai in kwashe makin in kai da hannu, faifan ya ƙi shiga. Na haska ramin, sai na ga zanzaro ya gina gidansa na laka a ciki, har da ɗakuna. Saura kwafa da biro daga gilashin injin. To amma tun da guguwa ta kayar da turakun wuta muke kan janareta, kuma man da ya rage bai wuce na awa huɗu ba, tankar da ake jira a gari kuwa ba ta iso ba. Malamin lissafi ya dubi yawan layukan, ya motsa leɓe, ya ce ko mu uku muka zauna, har da shugaba, sai mun kwana biyu muna yi. Littafinsa mai bangon fata darasi ɗaya ne a ciki, sauran takwas suna cikin cikin mutanen unguwa. Bai yi mini dariya ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi.

A masallacin Juma'a ne ta faɗo mini a rai: 'yar Kawu. Taubashiyata ce, 'yar yayan mahaifiyata, mutanen Gwaram. Tun muna yara ita ce ta kwance rediyon Kawu don ta ga mai maganar, ta sha duka, ta mayar da shi ya fi da kyau. Ta yi karatu mai zurfi, tana aiki a ɗakin injina na wata jami'a a Kano. Kuma na san tana gida, don washegari Asabar ake sunan ɗan ƙaninta.

Asabar da safe na isa Gwaram an shafa fatiha, ana fiɗar rago. Na aika ciki, ta fito da ludayi a hannu, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja.

"A'a, ɗan Gwaggo! Tun daga Birnin Kudu ka jiyo ƙamshi? Wallahi hancin malaman makaranta ya fi albashinsu tsawo."

Na ce, "'Yar Kawu, barka da arziki. Ba nama ya kawo ni ba."

"To, lallai duniya ta zo ƙarshe. Wa ya mutu?"

"Injina ne. Sun ƙi yi wa juna magana."

Iyakar abin da na faɗa mata ke nan, kuma ina so mai karatu ya riƙe wannan. Ban ambaci maki ba, ban ambaci firinta ba, balle mai ƙosai. Mutum ba ya saro sanda ya miƙa wa taubashinsa. Na dai ce abin na gaggawa ne, kuma na yara ne. Ta dube ni, ta ga fuskata ba ta wasa ba ce, ta miƙa wa wata ludayin, ta shiga ta yafo mayafi. Ta fito da wata jaka mai nauyin turmi, kwamfutar aikinta ce a ciki. Ta bar sunan ɗan ƙaninta, da dangin da ta yi wata shida ba ta gani ba, da naman da ko ɗanɗanawa ba ta yi ba, muka shiga motar haya. Muka bi ta Sara, gero ya yi kore shar hagu da dama, ita kuwa tun daga tasha har Birnin Kudu tana ba fasinjoji labarin yadda na taɓa gudu na bar takalmi saboda ɗan akuya.

Shugaba na jiranmu. Aka tayar da janareta, ya ja benci ya zauna kusa da shi a waje, yana kallon tankin kamar mai jinya. Ita kuma ta bi baƙar wayar da hannu tun daga farko har ƙarshe, ta taɓa 'yan murafen da ke toshe bakinta biyu, ta ce waya lafiyarta ƙalau. Na fara nuna mata saƙon da injin ke bayarwa, wai bai sami kowa ba.

Ta ce, "Daina tambayarsa. Wannan bakin masinja ne."

Na ce ban gane ba.

"In uban yaro ya zo ganin shugabanku, wa yake fara tararwa? Mai gadi. Sai masinja, sai akawu, sai mataimaki. Kowa ya karɓi maganar ya rage mata wani abu, wanda bai ga dama ba ya ce ba ya nan. Haka cikin injin nan yake, hawa hawa. Abin da kake gani a gilashi shi ne abin da na ƙarshensu ya ga damar faɗa maka. Ni bakin ƙofa zan je in zauna, in ga mai shiga da mai fita da idona."

Ta jona kwamfutarta a jikin wayar, ta buɗe wani baƙin shafi mai fararen haruffa. Ta nuna mini wani ɗan umarni da ta rubuta da kanta a wajen aiki, bai cika shafi guda ba. Ta ce abin da yake yi shi ne ya roƙi injin ya buɗe masa kafa kai tsaye zuwa katin sadarwa, ba tare da bi ta hannun kowa ba. Su a wajensu ɗanyen soket suke ce wa wannan kafar, don duk abin da ya biyo waya haka zai zo maka, ba a fere ba, ba a dafa ba, da ambulan ɗinsa da komai, har wanda ba kai aka aiko wa ba. Ta ce shi ya sa inji ba ya buɗe wa kowa ita sai mai cikakken iko a kansa, don daidai take da zama a gidan waya kana karanta bayan wasiƙun mutane.

"Je ka na bakin taga ka sake aikawa."

Na je na danna. Sai baƙin shafin nan ya motsa. Layuka suka fara zubowa, lambobi da haruffa bibbiyu bibbiyu, a jere kamar sahun masallaci. Na matso kusa na zuba ido. Shekara biyu ina zaune da wayar nan ina ɗaukarta igiya, ashe magana ke gudu a ciki. Na karanta labarin masu tono tsofaffin birane su tarar da rubutu a jikin dutse, na koyar da shi ma, amma sai ranar na san abin da suke ji.

Ta sa ɗan yatsa a farkon layi. Ta ce kowane saƙo da lamba biyu yake farawa, ta wanda za a kai wa, sannan ta wanda ya aiko. Ta farkon nan shela ce, ana kiran kowa da kowa. Ta biyun ita ce sunan mai kiran.

"To, injinka yana da baki. Je ka na kusa da shi."

Na je, na danna. Ta ce in je na gaba. Na bi su duka, tana kallo. Da na dawo na tarar ta cire tabaranta ta ajiye a tebur.

"Ɗan Gwaggo, wa ya taɓa injinan nan?"

Na ce, "Ni ne. Amma bisa takarda."

Na buɗe durowa na ɗauko takardar, da makina bakwai na jan biro, na miƙa mata, ina jiran yabo. Na ƙara da bayanin cewa na tarar da lambobinsu duk a karkace, babu wadda ta yi daidai da wata, na daidaita su.

Ta karanta. Ta dube ni. Sai ta kama gefen tebur ta fara dariya, irin wadda ba ta da sauti da farko, har mayafinta ya zame. Shugaba ya baro janareta ya leƙo, yana tambaya ko lafiya.

Ta share hawaye ta ce, "Ranka ya daɗe, lafiya lau. Yau da safe a gidanmu an yanka rago ɗaya an raɗa wa yaro ɗaya suna. Malaminku ya tara 'ya'ya takwas ya raɗa musu suna ɗaya, ko kaza bai yanka ba."

Ta yi mana bayani. Kowane kati da sunansa yake fitowa daga masana'anta, kuma an tsara ne don kada a sami biyu masu suna ɗaya a duniya. Bambancin nan da na ɗauka kuskure, shi ne dukan hikimar abin. Gajerar lambar da ke ƙasa kuwa lambar gida ce, ita ma na mayar musu da ita ɗaya. Yanzu na bakin taga in ya tashi neman na kusurwa, sai ya ga sunan da gidan duk nasa ne, ya ɗauka da kansa yake magana, ya koma ya zauna.

Shugaba ya ce a hankali, "To Hajiya, ana iya warware suna?"

"Sunan yanka yana nan a jikin katin, ba ya goguwa. Laƙabi ne kawai ya ɗora musu. Shi da ya ɗora shi zai sauke."

Ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta tsaya a kaina, na bi su bakwai ina goge abin da na rubuta, tana ba kowanne lambar gidansa dabam, tana cewa, "Saura kwalliyar jan biron, Malam." Da muka sake kunna su, baƙin shafin ya cika da sunaye takwas, babu mai kama da wani. Sannan ta yi wani abu da har yau nake tunawa. Ta rubuta saƙo guda da hannunta, harafi bayan harafi, tun daga ambulan, ta sa sunan na bakin taga a sama, ta tura shi ta wannan kafar. Kafin in ƙifta ido amsa ta dawo, da sunanta a kai. Sallama ce aka yi, aka amsa. Ban taɓa jin daɗin amsa sallama irin na ranar ba.

Na ruga inji na biyar na aika makin. Can kusurwa firinta ta yi tari, ta kama ƙara irin tata mai kama da ana tsaga ƙyalle, takarda ta fara fitowa. Sunan farko na wata yarinya ce 'yar Kiyako. Shugaba ya ɗaga hannu yana hamdala.

'Yar Kawu ta daina tattara kayanta.

Ta ce, "Dama abin da kake nema ke nan? Bugawa?"

Na ce, "Shi ke nan."

Ta dubi firinta, ta dubi kwalina mai cewa kada a taɓa, ta dubi injin bakin taga. Ta buɗe baki. Sai ta waiga ta ga shugaba a tsaye, da malamin lissafi da ya shigo ba mu sani ba, ta rufe.

Ta ce, "To, Allah ya ba yaran sa'a."

Shafin ƙarshe ya fito da sauran mai kaɗan a tanki. Ranar Litinin da hantsi na kai takardun da hannuna. Yaran duk sun zana jarrabawar. Wasunsu yau malamai ne, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai waɗanda suka koma gona da takardarsu a akwati, kuma babu ɗayansu da ya san da wannan labarin.

Na sami abubuwa a wannan Asabar ɗin da ban biya da komai ba, ko naman sunan ma ita ta rasa, ba ni ba. Tun daga ranar, in aka ce mini "ba ya nan", nakan nemi hanyar bakin ƙofa. Na fara tura ɗalibaina wajen tsofaffin garuruwansu su jiyo tarihi ɗanye, kafin littafi ya fere shi. Kuma in yaro ya rubuta abin da ya saɓa da na allo, nakan tsaya in duba ko sunansa na yanka ne, kafin in zaro jan biro. Ba kullum ba. Hali zanen dutse ne, amma ko dutse ruwa na rage masa kaifi.

Yanzu ta yi ritaya, tana Gwaram cikin jikoki, waya a hannun kowa, saƙo na tafiya ba igiya ba kati. Fiye da shekara ashirin ke nan, babu sunan da za a yi a danginmu ba ta ɗaga murya daga cikin gida ta ce a riƙe ɗan Gwaggo kada ya matsa kusa da liman ba. Na sha wannan, kuma na cancanta. Amma abin da ta buɗe baki za ta faɗa a ranar ta fasa, ba ta taɓa faɗarsa ba, ko a gaban mutane ko mu biyu. Wanda ya san taubasantaka ya san wannan ya fi barin rago wuya. A kan shi na fi gode mata, duk da sai da aka shekara shida kafin in san mene ne.

Ranar da aka zo kwashe tsofaffin injinan don a sa sababbi, ina tsaye masinja ya je kusurwa, ya ɗaga kwalina, ya murɗa wasu 'yan ƙusoshi biyu da yatsunsa, ya zare wayar firintar, ya rungume ta ya fita. Na duba bayan injin bakin taga. Ramin da wayar firintar za ta shiga yana nan, iri ɗaya sak da na injin kusurwa. Tsakanin teburan biyu taku huɗu ne.